Ƙafar Tsohuwa

Zuwa ga Kawu Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarka Auta. Mu ma nan lafiya, sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu sai ka sunkuya kafin ka shiga ɗaki.

Na san za ka juya takardar kana neman wace ce. Ni ce 'yar Inna ta biyu, mai koyarwa a firamare, kowa Malama yake ce min har ita Innar. Ta ce rabonka da ni tun ina goye. Na tambaye ta yadda muke da kai, ta fara ƙirga da yatsu, wai kakarta da kakarka ciki ɗaya suka fito, ta bi ta nan ta ɓullo ta can, da ta gaji ta ce, "Ke dai ce masa Kawu, ya isa."

Dalilin rubutowa shi ne Yaya ya tafi karatu waje, ya bar min motarsa. Ranar tafiyarsa ya ajiye makullin a kan firij ya ce, "Ki riƙa kai Inna asibiti da ita. In ta yi miki gardama ki nemi Kawu Dogo, shi a ɗakin gwajin injin ya ƙare ƙuruciyarsa." Na ce ya ba ni lambarka, ya ce kunnenka ya yi nauyi, waya ba ta yi maka amfani, latse-latsen saƙo kuma ba ka so, sai takarda da biro.

Inna tana da ciwon suga, duk mako ake duba ta, asibitin kuma da nisa. Ka ga motar ba ta ado ba ce a wurinmu. Ni kuwa ban daɗe da koyon tuƙi ba. Irin motocin nan ce da ba jif ba cikakkiya, ba kuma ƙaramar mota ba, tana da ɗan tudu. Giyarta da kanta take canjawa, makullin ma ba a zura shi, maɓalli ake dannawa.

Ga abin da take min. In na tsaya a danja sai injin ya mutu ɗif, in na ɗaga ƙafa daga birki ya tashi da kansa. Ran farko na ɗauka shi ke nan, motoci a bayana suna ta hon, Inna ta fara salati. Sannan wata fitila rawaya ta kunnu a gabana, hotonta kamar kan famfo, tun washegarin da na sha mai. Bakaniken layinmu ya ce in bar masa ita ya buɗe, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙofar baya kuma ba ta buɗuwa daga ciki, sai na zagaya na buɗe wa Inna, har tana cewa ɗanta kurkuku ya bar mata. Kuma da na ɗora jakar littattafan 'yan ajina a kujerar gaba sai motar ta kama tsuwa kamar ana yanka ta.

Ka yi haƙuri, ban taɓa gaishe ka ba sai da buƙata ta taso.

'Yarka,
Malama

Zuwa ga 'yata Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na samu wuri na zauna na sake karantawa. Muna lafiya. Gwiwa ce kawai take min tsiya in gari ya yi sanyi, kunne kuwa ya riga ni yin ritaya. Ki gaishe min da Innarki. Muna yara Alƙaliya muke ce mata, don duk faɗan da aka yi a gidan kaka ita ke yanke hukunci, kuma ko kai ne da gaskiya sai ka ba da haƙuri. Ki ce mata har yanzu ina sunkuyawa, yanzu ma ko babu ƙofa.

Batun ba ki taɓa gaishe ni ba, bar shi. Ni babba ai ni ya kamata in neme ku.

Na san irin motar nan. Yayanki na hannu ya saye ta, ta ga duniya kafin ta zo gidanku, don haka ni Tsohuwa zan riƙa kiranta, tsohuwa mai kwalliyar 'yan mata. Kwantar da hankalinki, a duk abin da kika faɗa babu na kwanciya asibiti.

Mutuwar da take yi a danja ba mutuwa ba ce, gyangyaɗi ne. Haka aka ƙera ta, ta kashe kanta in an tsaya don kada ta sha mai a banza. In abin yana tsinka miki zuciya, duba kusa da sitiyari ko gindin giya, akwai maɓalli mai harafin A da kibiya ta zagaye shi. Danna shi za ta daina. Sai dai duk sanda kika tayar da ita sai kin sake dannawa, don ba ta riƙe magana.

Fitilar nan hoton injin ne, ba famfo ba. Kin ce ta kunnu washegarin shan mai. Kafin kowa ya kwance mata noti ɗaya, buɗe wurin zuba mai ki murɗa murfin har ki ji ya yi ƙas. In murfi bai zauna ba, sai motar ta ɗauka wani abu ne ya huje. Ba za ta mutu nan take ba, ki ba ta 'yan kwanaki. In ta ƙi, kai wa bakaniken ya jona mata na'urar da ke karanta ciwon mota kafin ya ɗauki sifana. Amma ki riƙe wannan da kyau. Rawayar fitila a tsaye, ki tafi a hankali ki nemi magani. In tana ƙyaftawa, ko kuwa ja ce, ki sauka gefen titi ki kashe.

Ƙofar baya kuwa, buɗe ta daga waje ki duba bakinta, inda take haɗuwa da jikin motar. Akwai wani ɗan maɗanni bai fi kan ashana biyu ba. Don yara aka yi shi. Tura shi ɗaya gefen ki saki Alƙaliya.

Tsuwar kujera nauyin littattafai ne, ta ɗauka mutum ne ya zauna bai ɗaura bel ba. Ko ki sa jakar a but, ko ki ɗaura mata bel ɗin, ilimi ma ai yana son kariya.

Roƙona ɗaya. A da ina tsaye a bakin titi mota za ta wuce in gaya miki abin da ke damunta. Yanzu ko gini ya rushe a bayana sai dai in ji a tafin ƙafa. In ta yi wata ƙara, ki rubuto min ita yadda kika ji, harafi-harafi, kada ki ji kunya.

Kawunki

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya lau. Inna ce ta taka wani ɗan ƙarfe a bakin ƙofa ya ɗan yanke ta, an wanke an ɗaure, ba wani abu ba ne. Da na karanta mata sunan Alƙaliya sai ta ce, "Ashe akwai sauran mai tuna wannan sunan a duniya." Ranar har yamma tana ba ni labarin gidan kaka, wai kai ake turawa tsinko duk abin da ya maƙale a kan rufi.

Kawu, ban san da wane baki zan gode maka ba. Murfin man a karkace yake, na murɗa shi, kwanaki kaɗan fitilar ta ɗauke. Na je na gaya wa bakaniken, ya yi dariya ya ce shi ma da can ya kamata ya fara. Inna yanzu da kanta take buɗe ƙofarta, ba ta ma jira in gama tsayawa. Tun rasuwar Baba ban samu wanda zan yi wa tambayar wauta ya amsa min ba tare da ya sa na ji ni wawiya ba ce.

To ga sababbi. Wancan makon mun fito daga ganin likita, rana ta take, na danna rimot motar ta yi banza da ni. Na danna, na girgiza, na hura masa iska. Inna tana zaune a kan dakalin masu gadi tana fifita da katin asibiti tana kallona. Da ƙyar ya amsa da na manna shi a jikin ƙofa. Tun ranar gabana yake faɗuwa duk sanda na kulle ta.

Ga kuma ƙarar da ka ce in rubuta. In na murɗa sitiyari har ƙarshe zan juya a ƙofar makaranta, daga gaba ta dama sai in ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, da sauri in na ƙara wuta, a hankali in na rage. In na miƙe hanya shiru. Na zauna a ɗakin malamai ina ta maimaita ƙarar a bakina don in san yadda zan rubuta, abokiyar aikina ta ɗago ta ce, "Malama, lafiya kuwa?"

Akwai kuma wani maɓalli kusa da giya mai hoton ƙafafu huɗu a haɗe. Ban taɓa shi ba, tsoro nake ji.

'Yarka,
Malama

'Yata Malama,

Mun tashi lafiya, gwiwa da sauƙi. Ki ce wa Alƙaliya mai suga ba ya raina yanka, ta bari a riƙa dubawa, kuma ta daina yawo ba takalmi.

Kin iya rubuta ƙara, wallahi kamar a kunnena. Wannan shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafar gaba. A ƙarshenta akwai gaɓa da aka rufe da roba mai lanƙwasa, cike da giris. Robar ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, shi ne gaɓar take taunar kanta. Juya sitiyarin gaba ɗaya ki leƙa bayan tayar, za ki ga baƙin maiƙo ya fantsama. Tunda har ta fara magana, sauya roba kaɗai ba zai yi ba, a canja shaf ɗin. Ba yau za ta yar da ke ba, amma kada ki yi doguwar tafiya da ita haka.

Rimot batirinsa ne ya tsufa, ɗan fale-fale ne kamar maɓallin riga, masu gyaran agogo suna da shi. Kuma ki duba bayan rimot ɗin, akwai ɗan abin turawa, makullin ƙarfe ne a ɓoye a ciki, yana buɗe ƙofar direba. In kin shiga ta ce ba ta ga makulli ba, ki kara rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa ki danna da shi, za ta tashi ko batirin ya mutu murus.

Maɓallin ƙafafu huɗu abokinki ne, amma na ranar wuya. Kullum ƙafafun gaba ne ke jan motar, na baya suna bi. In kin shiga taɓo ko yashi ki danna shi, sai duka huɗun su ja tare. Ki taka totur a hankali, kada ki tsaya a tsakiya, da kin fita ki kashe shi. Kada tudunta ya ruɗe ki, fuskar jif gare ta amma zuciyar ƙaramar mota. Ruwan da ya wuce tsakiyar taya kada ki shiga, ko wa ya zuga ki.

Auta ta ce tun da takardunki suka fara zuwa na daina barcin rana, ina ta zane-zanen ƙarafa a bayan kwali. Ni ma ashe ina buƙatar a tambaye ni.

Kawunki

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Auta. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka.

An canja shaf ɗin, ƙarar ta tafi, na gode.

Wata magana ce yanzu, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Tsohuwar tamu ƙafarta ta hagu ta kumbura, gefe ɗaya ya yi wani iri. Wanda ya duba ya ce abin ya fi ƙarfin nan, sai an kai ta babban wuri, kuma wataƙila sai an cire. Ita kuwa ta kafe, ko motsi. Ban gaya wa Yaya ba, jarrabawa yake yi. Kai ka fi ni sanin halinta. Yaya zan yi?

Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, a tsaye na rubuta.

Malama

'Yata Malama,

Lafiya ƙalau muke. Haba, ɗan wannan abin ne ya sa rubutunki ya karkace haka?

Wanda ya duba gaskiya ya gaya miki. Ƙafar da ta kumbura a gefe ba ta gyaruwa, zaren ciki ne ya tsinke, babu facin da zai riƙe ta. Kada tausayi ya hana ki. In kika bar ta, wata rana kuna tsakiyar tafiya za ta tafi da tsohuwar gaba ɗaya. A cire a yar, tun da wuri. Akwai safaya, ƙafar ko-ta-kwana, a ƙarƙashin shimfiɗar but, 'yar siririya ce, ki lallaɓa da ita zuwa wurin masu taya, ba gudu. In da hali ki sauya har da 'yar uwarta ta ɗaya gefen don su yi daidai, irin motar nan ba ta son ƙafa ɗaya sabuwa ɗaya a cinye.

Kafewar da ta yi kuwa, ina zargin birkin hannu ne, nata na lantarki ne. Taka birkin ƙafa sosai, sannan ki danna ɗan maɗannin mai harafin P ƙasa, za ta saki.

Kada ki ɗaga wa yayanki hankali a kan wannan. Tsohuwa irin wannan in aka raba ta da ƙafar da ta lalace, sai ta ƙara shekaru tana yawo ta bar yara a hanya.

Ki gaishe da Alƙaliya, ki ce ta rage shan zaƙi.

Kawunki

Malama, 'yata,

Ina fatan wannan ta same ku da rai da lafiya. Ni kam ba lafiya ba, tun jiya abinci bai wuce min ba.

Da na ji shiru ya yi yawa, na ce ko aikin makaranta ne. Duk sanda mai kawo wasiƙu ya wuce ina bakin ƙofa, sai ya ɗaga min hannu wayam. Jiya Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta same ni da takardarki ta ƙarshe a hannu, ta karɓa ta karanta. Na ga fuskarta ta canja. Ta ɗauki biro ta rubuta min a gefen jarida, "Baba, tayar mota ake kaiwa babban wuri? Tayar mota ake ɓoye wa ɗa don yana jarrabawa?"

Malama, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kin gaya min ta taka ƙarfe, da hannuna na rubuta miki cewa mai suga ba ya raina yanka, amma da kika kawo min kukanki sai na ga taya. Na ce miki a cire a yar. Na ce akwai safaya. Na tuna kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, na rasa inda zan sa kaina. Kunne ya tafi na haƙura, ashe hankalin ma ya bi shi.

Ki yafe min. In ba za ki iya rubuto min ba, ki sa wani ya rubuto layi ɗaya, tana raye ko ba ta raye.

In kuma har yanzu tana kafe, ga abin da na sani game da ita. Ba a ba ta umarni, ba a kuma yi mata kuka, duka biyun ƙara mata taurin kai suke yi. A faɗa mata gaskiya tsirararta, a bar ta ta yanke hukunci da kanta.

Kawunki mai neman gafara

Kawu Dogo,

Tana raye. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba. Muna gida, tana samun sauƙi, ga ta can a falo tana yi wa mai aikin jinyar da ke zuwa wanke ciwon faɗa a kan yadda ake naɗa bandeji. Ka ci abinci, don Allah.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Da ƙafar ta kumbura, Inna ce ta sa na yi mata alkawari ba zan ƙara haɗa sunanta da ciwo a takardar da zan aiko maka ba. Ta ce, "Mutum yana can da nasa, kada ki ɗora masa nawa." Shi ne na yi wayo na ce tsohuwa, na manta kai ka riga ka raɗa wa mota sunan.

Ba zan ɓoye maka ba, ranar da amsarka ta zo na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka har da shessheƙa. Likitan nan ya riga ya gaya mana yatsun sun mutu, abin yana hawa sama. Inna ta ce yadda Allah ya kawo ta da ƙafa biyu haka za ta koma, babu mai taɓa ta da wuƙa. Na yi roƙo, na yi fushi, maƙwabta sun zo, duk a banza. Ina jiran kalma ɗaya daga wurinka, sai ga safaya.

Ta ji motsina ta ƙwala min kira. Na fito ina goge ido. Ta ce, "Takardar Dogo ce? Karanta min."

Na ce, "Inna, maganar mota ce kawai."

"Maganar mota ce ta kumbura miki ido? Karanta, kada ki tsallake ko wasali."

Na gaya mata abin da na rubuta maka, sannan na karanta. Da na zo wurin a cire a yar, ta ɗaga gira. Da na zo wurin safaya a ƙarƙashin but, sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Kawu, dariya take yi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa, ta ce, "Har da 'yar uwarta ta ɗaya gefen? Allah ya shirye ka, Dogo!" Rabon da in ji dariyarta tun kafin ƙafar ta kumbura.

Da ta lafa ta ce in maimaita mata ƙarshen. Na karanta inda ka ce tsohuwa in aka raba ta da ƙafar da ta lalace sai ta ƙara shekaru tana yawo. Ta daɗe tana kallon ƙafar a kan matashi. Can ta ce, "Kowa ya shigo ɗakin nan lallashina yake yi kamar jaririya. Shi kaɗai ya faɗi magana a miƙe, ko da yake da taya yake. Haɗa min kaya."

Washegari da sassafe muka kama hanyar babban asibitin. An kwana ana ruwa. Na kwantar da rabin kujerar baya, na jera matasai, ta miƙe ƙafar. Mun yi nisa sai muka tarar ruwa ya cinye gefen wata gada, an karkatar da motoci ta wata hanyar ƙasa da ke gangarawa ta haura. Wata babbar mota ta nutse a taɓo a gefe, direbobi sun yi cirko-cirko. Wani ya leƙo ta tagata ya ce, "Hajiya, juyawa za ki yi, ko ki ba namiji ya fitar miki." Na waiwaya na kalli Inna, zazzaɓi ya rufe ta, leɓenta ya bushe. Na san in na juya da ita gida ba lallai ta sake yarda ba.

Na tsaya na kalli wata mota da ta ratsa ruwan da ke gindin gangaren, na ga bai kai tsakiyar tayarta ba. Na yi bismillah na danna maɓallin ƙafafu huɗu. Na taka a hankali kamar yadda ka ce. Ta yi ta wutsil-wutsil da gindi, taɓo yana fantsama har gilashi, ƙafata tana so ta koma birki ina hana ta. Ban san sanda muka haura ba, sai ji na yi kwalta a ƙarƙashinmu, mutane suna tafi a baya. Na kashe maɓallin, na sauka gefe na kifa kaina a sitiyari. Inna daga baya ta ce, "To direba, barci muka zo yi?"

Likitocin sun ce da mun ƙara jinkiri da sai daga gwiwa. Yatsun da ɗan gaban tafin suka cire, dunduniya tana nan. Za a yi mata takalmi na musamman, ta fara dogarawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Yaya ya gama jarrabawa, na gaya masa, ya yi min faɗan ɓoyewa sannan ya yi kuka. Takardarka ta neman gafara a ƙarƙashin ƙofa na tsince ta ranar da aka sallamo mu, shi ya sa ka ji shiru.

Babu abin yafewa, Kawu. Na gode da takardar safaya, na gode da ta neman gafara.

Inna ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: "An ce zumunci a ƙafa yake. To tawa ta ragu, sai ya kawo tasa."

'Yarka,
Malama

'Yata Malama,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na ajiye takardar, sai da na yi alwala na yi nafila sannan na iya ci gaba. Auta ta ce na cinye abincina na haɗa da nata.

Taɓon nan da kika ratsa, na ga ƙwararrun direbobi sun kwana a irinsa. Ki kai Tsohuwa, ta ƙarfen nake nufi, a wanke mata ciki da ruwa mai ƙarfi, taɓo in ya bushe a jikin birki yana sa shi kuka. Daga yau kuma na sauke mata sunan, mota ce kawai.

Ki gaya wa Alƙaliya hukunci ya iso, kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Auta ta samu hutu ƙarshen watan nan, ta yankar mana tikitin bas ɗin safe na ranar Asabar, za mu sauka babbar tasharku da la'asar in Allah ya yarda. Rabona da doguwar tafiya tun ina aiki, gwiwa tana ta ƙorafi, na ce mata ta yi shiru, wasu ma da rabin ƙafa suna tafiya.

In kin zo ɗaukarmu kada ki yi hon, kada ki ƙwala kira, ba zan ji ba. Ki kunna min fitilun gaba ki kashe. Ban san fuskarki ba, ke ma ba ki san tawa ba, amma ki duba kusa da ƙofar fita, za ki ga wani tsoho da ya fi kowa tsawo ko da yake ya ranƙwafa, yana leƙen tayoyin motocin mutane. Ni ne.

Kawunki,
Dogo